Tsohuwar giranda ta koma injin shiƙa: yaya za a rage mata gudu ba a ƙona ta ba?

Wannan shi ne rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda 'yan'uwa da data ba ta isa su sauke murya. An ɗan gyara rubutun, amma maganar ita ce dai wadda na yi.

Yau ba siyasa za mu taɓa ba. Wasu za su ji daɗi, wasu kuma za su ce na guje wa faɗa. Ban gudu ba, za mu dawo mata. Tambaya ce ta zo daga wani ƙanenmu mai walda a Argungu, kuma ba shi kaɗai ba, wajen mutum huɗu sun yi irin ta cikin watan nan. Ya ce ya sayi tsohuwar giranda a wurin 'yan jari-bola, wato injin hannun nan da masu walda ke yanka ƙarfe da shi. Ya ƙera fanka da falankin ƙarfe, ya ɗaura mata, yana son ya yi injin shiƙar shinkafa. Da ya kunna, iskar ta kwashe ƙaiƙayi, ta kwashe shinkafar, saura kaɗan ta kwashe tabarmar. Sai ya sayo regiletar fankar sama ya haɗa. Regileta ta yi hayaƙi. Ya ce: Yaya, mene ne mafita?

Kafin in amsa, bari in faɗi dalilin da ya sa na ɗauki tambayar da muhimmanci. Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu lokacin girbin rani ya san abin da idonsa ke gani a fadamar Rima. Shinkafa ce iya ganinka. A nan Kebbi aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a watan Nuwamba 2015. A 2017 aka buɗe kamfanin WACOT a Argungu, ga Labana a Birnin Kebbi. Manyan injuna sun zo. Amma tsakanin gona da ƙofar kamfani, aikin har yanzu na hannu ne a wurare da yawa: samari na bugu a jikin duro, iyayenmu mata na tsaye da faifai suna jiran iska ta taso. Ranar da babu iska babu shiƙa. Tun kuma da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, duk injin da ke shan fetur ya zama abin lissafi. To yaron da ya zauna ya ce bari in ƙera wani abu da tsohon moto, ni a wurina ba wasa yake yi ba. Jarinsa ne ya zuba, kuma yatsunsa da idonsa ne a kusa da abin.

Idan na ce moto, ba mota nake nufi ba, kar wani ya ce na koma sayar da Sharon. Moto shi ne abin da ke juyawa a cikin fanka, da famfon sola, da injin huda, da giranda.

Tambayar farko da za ka yi wa kanka ba ta regileta ba ce. Wane irin moto ne a hannunka? Domin abin da zai rage wa wani gudu lafiya lau, shi ne zai gasa wani.

Ka duba jikinsa. Idan ka ga 'yan murafu biyu a gefe, ka kwance ka tarar da ɗan baƙin gawayi mai sifirin a baya, wanda masu gyara ke kira kabon, to moto mai kabon ne. Idan yana aiki za ka hango tartsatsi a ciki, kuma kukansa siriri ne mai tsawa kunne. Giranda, da injin huda mai waya, da bilenda, da injin hura ƙura, duk danginsa ne. Ɗaya nau'in ba shi da kabon. Yana da nauyi, jikinsa da ƙirga-ƙirga, sau da yawa da kafasita a manne a bayansa, kuma kukansa gurnani ne a hankali. Shi ne a famfon ruwa, da injin markaɗe na lantarki, da dutsen wasa wuƙa na kan benci. Wannan shi ne irin wanda Nikola Tesla ya yi wa rajista a Amurka a 1888, kuma har yau tsarin bai canja ba.

Shi marar kabon ɗin, gudunsa ba a hannunka yake ba. Wutar da ke zuwa mana daga Kainji, wadda layinta ya biyo ta Birnin Kebbi har ya wuce Yamai, tana kai da komo sau 50 a kowace daƙiƙa. Moton yana bin wannan bugun ne kamar yadda mai rawa ke bin ganga. Gwargwadon yadda aka naɗa koyil ɗinsa, ko dai ya yi kusan juyi 3,000 a minti, ko kusan 1,500. Shi ya sa za ka ga an rubuta 2,850 ko 1,420 a ɗan allon jikinsa. Idan ka rage masa ƙarfin wuta da dima, bugun gangar bai canja ba. Zai ci gaba da ƙoƙarin yin gudunsa da ƙarancin ƙarfi, ya riƙa jan wuta fiye da kima, ya yi zafi, koyil ya ƙone. Wani ma makunnin tashi ne a cikinsa wanda sai gudu ya kai yake saki. Idan gudu bai kai ba, koyil ɗin tashi zai zauna a kunne, shi kuwa ba a yi shi don ya daɗe ba.

Wani zai ce to ai fankar sama ba ta da kabon, kuma regileta na rage ta. Gaskiya ne, kuma nan ne ake ruɗuwa. Ita fankar sama da gangan aka ƙera motonta ya yarda da haka, ba ta cin abin da ya wuce wat 70 zuwa 80, kuma iska kawai take turawa. Regiletarta daidai wannan ɗan kayan aka yi ta. Giranda ƙarama kuwa tana cin wat 700 zuwa 900. Ka ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan. Ƙanena, abin da ya sami regiletarka ke nan, ba jabu ba ce.

To mu zo kan mai kabon, tunda shi ne a hannun mai tambaya. Shi ba ya bin bugun ganga. Gudunsa ya danganta da ƙarfin wutar da ka ba shi da nauyin aikin da ka ɗora masa. Saboda haka dima tana aiki a kansa, amma dimar da aka yi don moto, ba ta fitila ko ta fanka ba. A cikinta akwai wani ɗan abu mai ƙafa uku da ake kira tirayak, kamfanin General Electric ne ya fito da shi a shekarun 1960. Aikinsa tsaron ƙofa. Duk lokacin da wuta ta taso, sai ya riƙe ƙofa na ɗan ƙiftawa kafin ya buɗe, sau 100 a daƙiƙa. Idan ka murɗa maɓalli ƙasa, jiran ya ƙaru, abin da ke isa ga moto ya ragu, gudu ya sauka.

Har nan labari mai daɗi ne. Ga inda gizo ke saƙa.

Dima ba ta san abin da moto ke ciki ba. Ta ba shi rabonsa ta juya baya. Idan ka sauke giranda ƙasa sosai ba kaya, za ka ga tana juyawa a hankali, ka ce alhamdu lillahi. Da ka ɗora mata aiki sai ta durƙushe. Kai kuma sai ka ƙara murɗawa, aikin ya wuce, ta zabura da gudu. Gudu da ƙarfi tare dima ke rage su. Kuma akwai abin da ido ba ya gani: fankar da ke sanyaya moton a jikin sandarsa take. Idan moto ya yi sanyin gudu, fankarsa ma ta yi sanyin gudu, alhali wutar da yake ja don ɗaukar kayan ba ta ragu ba, zafi kuma daga wannan wutar yake fitowa. Zafi na nan, iska ta tafi. Yanzu ka haɗa da watan Afrilu a Argungu, lokacin da ma'auni ke haura 40 a inuwa. Injiniyoyi na da wata ƙa'ida ta kusan-kusan, cewa duk ƙarin maki 10 na zafi yana raba rayuwar banishin koyil gida biyu. Wannan warin da kake ji kamar ana ƙona roba, rayuwar motonka ce ke fita.

Shi ya sa ni ra'ayina a kan wannan ba ya rawa: babban ragi aikin fuli ne da fambel. Dima ta ɗan daidaitawa ce a ƙarshe.

Bari mu yi lissafi, kar kowa ya tsorata, na aji uku ne. Ƙaramar giranda mai faifan milimita 115 tana juyi wajen 11,000 a minti idan ba kaya. Wannan ma bayan giyar da ke kanta ta rage ne, domin ainihin zuciyar moton, wadda masu gyara ke kira amecha, tana iya kusantar 30,000. Idan ka sa ƙaramin fuli mai faɗin milimita 50 a bakin giranda, ka sa mai 200 a ɗaya sandar, ka raba gudu gida huɗu: 11,000 ta koma 2,750. Abin da dima ba za ta taɓa ba ka ba shi ne, ƙarfin murɗawa ya ninka kusan sau huɗu. Ba ka zubar da komai ba, canji ka yi, ka ba da gudu ka karɓi ƙarfi. Moton kuma yana can yana gudunsa na asali, fankarsa na hura shi yadda aka tsara. Duk mai babur ya san wannan. Idan za ka hau tudu da buhu biyu, giya ta ɗaya kake sawa. Ba ka zama a ta huɗu ka sassauta totur.

A ce injin bugu kake son yi, ba na shiƙa ba. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke Filifin, tana ba da shawarar haƙoran ganga su riƙa gudun mita 12 zuwa 16 a daƙiƙa. Ga ganga mai faɗin rabin mita, wajen juyi 600 ke nan a minti. Ƙasa da haka, ƙwaya za ta maƙale a zangarniya ta bi kara. Sama da haka, kana fasa ƙwayar tun tana cikin ɓawonta, ba za ka gani ba sai an kai casa ta fito gutsi-gutsi, ɗan kasuwa ya karya maka farashi. Daga 11,000 zuwa 600 ragi ne na kusan sau 18. Fuli ɗaya ba zai yi ba, sai hawa biyu: 50 zuwa 200, sannan a wannan sandar ta tsakiya wani 50 ya ja mai 230. Ka buga a wayarka, za ka samu 598. A hawa na biyu, inda gudu ya sauka, sarƙar babur da sifaket ma suna yi.

Lissafi ya fita. Amma in ka tambaye ni, ba zan ba ka shawarar ka yi injin bugu da giranda ba. An yi ta ne don a yanka, a ajiye, a sake ɗauka. Ba a yi ta don ta wuni tana kuka daga hantsi zuwa la'asar ba. Kabon zai cinye, giyar kai za ta yi zafi, boris ɗinta ba a yi shi don jan fambel ta gefe na sa'o'i ba. Sannan ka tuna tana zuƙar iska ta baya ta fitar ta gaba, a wurin da ƙurar shinkafa ta cika sama, kuma a cikinta tartsatsi ke tashi. Ga tarin busasshen kara a gefe. Ban ƙara komai ba, kai ma ka hango. Don bugu, ka nemi tsohon moto marar kabon mai 1,420, ka sa masa fuli 100 ya ja 240. Hawa ɗaya, ka gama, kuma zai yi shekaru.

Amma shiƙa, ƙanena, a nan ka yi sa'a, kuma ina so ka ji dalilin. Fanka kaya ce mai kirki. Ƙarfin da take nema yana sauka da sauri fiye da gudunta: idan ka raba gudun gida biyu, ƙarfin da take buƙata ya koma kashi ɗaya cikin takwas. Wato daidai lokacin da dima ta rage wa moto ƙarfi, ita ma fankar ta sauke masa kaya. Ba ta kuma zuwa da nauyi ba zato kamar damin shinkafa. Shi ya sa dima da fanka suke zaman lafiya. Kuma shiƙa aiki ne da ke buƙatar daidaitawa da gaske. Shinkafar da ta bushe ƙarau da wadda ke da sauran danshi ba iska ɗaya suke so ba, gero da wake ma kowa da tasa. Iyayenmu da hannu suke wannan, su ɗaga faifai ko su sauke. Kai maɓallin dima ne faifanka.

Don haka ka cire fankar nan daga bakin giranda yau, kar ka sake kunna ta a haka. Ka yi mata sandarta daban a kan boris biyu, ka ja ta da fambel. Ka zaɓi fuli yadda idan dima tana can sama, iskar ta ɗan fi abin da kake so kaɗan. Sai ka sauko da dima ɗan taƙi. Idan ka ga sai ka kai maɓalli ƙasa da rabi kafin aiki ya yi daidai, fulinka ne bai isa ba, ka ƙara girmansa. Moton kuma ka ajiye shi ta gefen da iska mai tsabta ke shigowa, ba ta inda ƙaiƙayi ke fita ba. Wannan tsarin shi ne kuma zai yi wa maƙeri zuga-zugi, ya yi wa mai bandar kifi a bakin Matan Fada abin hura wuta.

Wace dima za ka saya? Giranda mai wat 800 a kan bolt 230 tana jan wajen amfiya 3 da rabi, amma lokacin tashi tana fizgar ninkin haka. Waɗannan 'yan allunan da ake kawowa daga Chana, an rubuta 2,000 ko 4,000 a jiki, kar ka ɗauki lambar kamar rantsuwa. Ka dubi girman alminiyon da ke sanyaya ta. Ka ɗauki wadda lambarta ta ninka motonka sau biyu ko uku. Allon kuma tsirara yake zuwa, ko'ina a jikinsa wuta ce, har alminiyon kar ka yarda da shi. Ka sa shi a akwatin roba mai 'yan ƙofofin iska, ka sa fis a gabansa. Idan girandarka ta zamani ce mai tashi a hankali ko mai nata maɓallin gudu, tana da nata allon a ciki, dimar waje za ta rikita shi. Haka idan ƙaramin janareta kake amfani da shi, ko inbata mai araha wadda wutarta ba sumul take fita ba, dima na iya yin gardama, moto ya riƙa shaƙuwa. Ka gwada a wutar da za ka yi aikin da ita kafin ka ɗauka zuwa gona.

Akwai dimar da ta fi wannan wayo, kuma a bola ake samun motonta. Injin wanki mai ƙofa a gaba, yawancin tsofaffin, motonsu mai kabon ne, amma a ƙarshen sandarsa akwai ɗan koyil mai ƙirga juyi. Wayoyi biyu sirara ne ke fitowa daga nan. Allon da ke tuƙa shi yana sauraron wannan ƙirgar: gudu ya sauka saboda kaya, ya ƙara wuta, kaya ya tafi, ya rage. Shi ya sa moto guda yake juya gangar wanki a hankali wajen sau 50 a minti da jiƙaƙƙen kaya, an jima ya matse su a sama da 1,000. Ana sayar da allon daban, mafi shahara shi ne mai ɗauke da TDA1085C na Motorola. Mai son ya ƙera injin sassaƙa katako ko na wasa wuƙa, wannan shi ne abokin tafiya. Sai dai kar ka ba irin wannan moton cikakkiyar wuta ba fambel, ba kaya. Zai yi ta hawa har ya iya tarwatsa kansa. Injin wanki mai baho biyu kuwa, wanda ya fi yawa a gidajenmu, nasa moton marar kabon ne, ba shi nake nufi ba.

Shi marar kabon, in dole sai an canja masa gudu da lantarki, akwai akwatin da ake kira VFD, wanda ke canja bugun gangar da kansa. Da moto mai layi uku yake aiki sosai, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai farawa. Mu wuce.

Abin da na fi so matasanmu su waiwaya shi ne injin huda mai batir. Batirinsa ne ke mutuwa, a jefar da shi, alhali moton da giyarsa lafiyarsu ƙalau. Bolt 12 ko 18 yake ci, wutar da ba ta kisa in ka taɓa. Giyarsa ta riga ta yi maka aikin fuli: hawa na ɗaya wajen juyi 400, na biyu wajen 1,500. Ana rage masa gudu da ɗan allo mai suna PWM, wanda ke kunna wuta yana kashewa sau dubbai a daƙiƙa, kai kuma maɓallinka ke faɗin tsawon kunnawar. A fadamar da yanzu faifan sola ya fara yawa saboda famfon ban-ruwa, wannan abin dubawa ne. Sai dai ka bi ta batir, kar ka haɗa kai tsaye da faifai, domin faifan da ake ce wa na bolt 12 yana haura 20 idan ba kaya, kuma ba ya iya ba da fizgar tashi. Ka sa waya mai kauri da fis dab da batir. Bolt 12 ba ya kisa, amma batir in ya yi gajeren haɗi yana mayar da waya garwashi. In aikinka na juyi a hankali ne ƙwarai, kamar gangar suyar gyaɗa ga masu ƙuli-ƙuli, moton wayifar mota ya fi duka, juyinsa bai wuce 40 zuwa 60 ba a minti, ga ƙarfi.

Yanzu ku ba ni kunnenku, wannan ɓangaren ya fi duk lissafin da na yi.

Kowane faifan yanka da kowane dutsen wasawa akwai iyakar gudun da aka buga a jikinsa. Faifan 115 an rubuta masa 13,300. Babba mai 230 kuwa wajen 6,600 ne. Dalili shi ne bakin faifan kar ya wuce mita 80 a daƙiƙa. Ina ganin samari suna cire murfin kariya daga ƙaramar giranda don babban faifai ya shiga. A juyi 11,000, bakin wannan faifan yana gudun mita 132 a daƙiƙa, sama da kilomita 470 a awa. In ya fashe, ba ka da lokacin kauda kai. Dutsen benci ya fi wannan haɗari, shi don wajen 3,000 aka yi shi. Wani zai ce ai na sa dima, na rage. Ɗan'uwa, shi tirayak idan ya mutu, yawanci ba ya rufe ƙofa, a buɗe yake barin ta. Moto ya koma cikakken gudu nan take, ba sallama. Don haka duk abin da ka ɗaura dole ya iya jure cikakken gudun, kamar babu dimar. Fuli ba ya wannan cin amanar. In fambel ya tsinke, tsayawa abin yake yi. Fankar da ka yi da falanki ma haka take: in ɓangare ɗaya ya fi ɗaya nauyi, waldar za ta gaji, reshe ya tashi. Ka juya ta da hannu ka sake ta sau da yawa. In kullum wuri ɗaya ke tsayawa a ƙasa, nan ne nauyin yake, ka rage shi. Sannan ka rufe ta da raga, ka rufe fambel ɗin. Babbar riga da gyale da hijabi, fambel ba ya tambaya.

Jikin giranda roba ne ba don ado ba, shi ne katanga tsakaninka da wuta. In ka zare moton ka ɗaura a kan firam na ƙarfe, ka rushe katangar, kuma boris ɗin gaba ma a cikin kan giya yake zaune. Ka bar ta a cikin rigarta, ka ɗaure ta da maƙalli ta ramukan da hannun riƙo ke shiga, kar ka toshe mata ƙofofin iska. Firam ɗin ka haɗa masa wayar ƙasa ta gaskiya, da sanda a binne. A fadama ƙasa jiƙe take, mutane kuma ba takalmi.

Sai abin da littattafan Turai ba sa damuwa da shi kamar mu: ɗauke wuta. Kana aiki, wuta ta tafi, ko man janareta ya ƙare. Makunni yana nan a kunne, domin kun ɗaure shi da roba. Kai ka sa hannu kana zare karan da ya naɗe, ko yaron gida ya zo yana wasa da fanka. Wuta ta dawo. Maganin wannan ɗan makunni ne mai maɓalli biyu, kore da ja, mai maganaɗisu a ciki. Da wuta ta ɗauke yake sakin kansa, kuma ba zai tashi ba sai mutum ya danna kore da hannunsa. Duk mai haɗa wayar gida da ya san aikinsa zai iya yi maka irinsa da kwantakta. In kuɗinka na abu ɗaya ne tsakanin dima da wannan makunnin, ka sayi makunnin, ka daidaita iskarka da ɗan murfi mai zamewa a bakin fankar.

Ranar gwaji, ka bar shi ya yi minti goma da kaya, ka zare filogi, ka ɗora tafin hannu a jikinsa. In ba ka iya riƙewa ka ƙirga biyar, ya yi zafi da yawa: ka ƙara fuli, ko ka rage fuka-fukan fankar. Ka leƙa kabon kuma. Ɗan tartsatsi shuɗi ba komai. In wuta ce ke zagaye amecha kamar zobe, ka tsaya ka kai wa mai gyara.

Abu na ƙarshe ga 'yan'uwana 'yan boko ne. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, muna da jami'a a Aliero, kowace shekara ɗalibai na fitowa da ilimin lantarki da na ƙere-ƙere. Duk abin da na faɗa yau, ɗan aji biyu a can ya san shi, wataƙila ya fi ni. Mai walda kuma ya iya abin da kai ba ka iya ba, hannunsa ya san ƙarfe. Abin da ya rasa layi biyu ne na lissafi da Hausa. Ranar Asabar ka je shagon da ke unguwarku, ka gaida mai gida yadda ya kamata, ka zauna a benci. Ka tafi da tef ɗin awo da biro. In ka samu ɗan abin auna juyi mai haske, ka tafi da shi, za ka ga yadda za a kewaye ka.

Ƙanenmu na Argungu, ka auna faɗin fankarka, ka ƙirga fuka-fukanta, ka karanto min abin da aka rubuta a allon jikin girandar, sai mu fitar maka da girman fuli tare. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu yi magana a kan famfon sola a fadama, da abin da ke sa ruwa ya ja baya da la'asar.